Dattijon da ya jira layi ya ƙare

Jiya da yamma wani dattijo ya rakuɓe a gefen kantinmu na magani nan Katsina, yana ta jan carbi har mutane suka watse. Sannan ya matso, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ɗana, iyali sun fara ƙorafi." Ya miƙo takardar likita, an rubuta masa sildenafil, maganin ƙarfin maza da aka fi sani da Viagra. A ƙarƙashinta ga katin karɓar maganin HIV.

Abokin aikina ya ja ni gefe, wai in mun ba shi mun taya shi yaɗa cuta. Wallahi raina ya ɓaci. Bawan Allah nan ba ya fashin shan magani, gwajinsa na ƙarshe ya nuna ba a ganin ƙwayar a jininsa, kuma wanda ya dore a haka ba ya sa wa matarsa ta wajen kwanciya. Uwargidan ma ta sani, tare suke zuwa asibiti.

Ni damuwata daban ce. Na ce, "Baba, wane iri kuke sha?" Ashe cikin magungunan HIV da yake sha da ritonavir a ciki. Shi kuwa yana hana hanta sarrafa sildenafil da wuri, sai ya taru a jini, jiri ya kwashi mutum. Ƙa'ida, mai shan ritonavir ba ya wuce miligiram 25 na sildenafil cikin awa 48. Na maimaita masa har sau uku.

Da mun kore shi, wajen masu tallar maganin maza a tasha zai nufa, can ba mai tambayarsa komai. Ya cusa ledar a aljihun 'yar ciki, ya wuce masallaci.