Ranar da na naɗe sushi a kicin ɗinmu

Ni fa da can in aka ce sushi ɗanyen kifi ne kawai ke faɗo min a rai, sai zuciyata ta fara tashi. Ashe wancan ɗanyen kifin da ake yankawa shi kaɗai sashimi sunansa, sushi kuwa shinkafar ce da aka haɗa da binega da siga da gishiri, abin da ki ka saka mata daga baya ganin damarki ne. Su kansu mutanen Japan suna da wanda ba komai a cikinsa sai kokwamba, kappa maki, wai kappa ɗin wani dodon ruwa ne a tatsuniyarsu da ba abin da yake so irin kokwamba.

Gwajin farko kam ban ji da daɗi ba. Shinkafar da muke jalof da ita na dafa, ta fito warara abinta, ina naɗewa tana tsiyayowa ta gefe, ƙanina na jingine a ƙofa yana ƙyalƙyala dariya wai "Yaya, ki zuba mana mai da yaji kawai mu ci." Haka kuwa aka yi.

Matsalar ashe shinkafar ce, tasu gajeriya ce mai danƙo, shi ne na ce to ai muna da ta tuwo. Kofi 2 na wanke har ruwan ya daina fari, na bar ta minti 30 a jiƙe, sannan na dafa da ruwa kofi 2 shi ma, kar ki ƙara wallahi in ba haka ba tuwo za ki tuƙa, kuma ban buɗe tukunyar ba sai da ta huta minti 10 bayan na kashe wuta. Binega cokali 3, siga 2, gishiri ƙaramin cokali 1, a ɗan ɗumama su narke a yayyafa tun tana da zafi, kina juyawa a hankali kina fifita da mafici har ta yi sheƙi. Amma a duba jikin kwalbar binegar, in an rubuta mirin a ajiye, giyar shinkafa ce.

Nori shi ne kaɗai abin da sai da na yi oda, baƙar takardar nan ta ciyawar teku mai ƙarnin kifi kaɗan. Tare suka zo da 'yar tabarmar naɗin, kamar ƙaramin asabari. Gefen da ke ƙyalli shi ke kallon ƙasa, ki jiƙa hannu ki baza shinkafar siririya, ki bar kamar faɗin yatsa biyu a sama ba komai, ki jera kokwamba da karas da fiya a tsakiya. Ni haɗama ta sa na cika na farko har ya ƙi rufuwa. Wuƙa ma sai an jiƙa kafin kowane yanka, gida 8 na raba.

Abin da ya ban dariya, citta mai tsami da suke ci da shi sunanta gari. Na faɗa wa Umma ta ce to su kawo ƙuli da siga mana.

Ƙanin nawa da ya gama min dariya guda 6 ya tashi da su, sai dai ya ƙi taɓa soya sos, baƙin ruwan waken suya ɗin nan da suke dangwala sushi a ciki, a yajin ƙuli ya dinga dangwalawa.