Kallon tsohon resilin da biro a hannu

Na daɗe ina tara tsofaffin wasannin resilin na talabijin, irin na shekarun 1980 da 1990, ina kallo ina rubuta sharhi a kansu, ina tura wa abokan da muka taso tare a Mabera. Wasu a YouTube nake samunsu, wasu kuma a wurin masu tura fina-finai a waya. Da muna yara kaset ɗin bidiyo ake hayowa, hoto na rawa, an yanke farko an yanke ƙarshe, ba ka san shekarar da aka yi wasan ba, balle abin da ya haɗa mutanen faɗa. Akta da bos kawai muka sani. Yanzu da ake iya samun wasa cikakke, har da shirye-shiryen makonnin da suka gabace shi, kallon ya zama wani abu daban.

Duk wanda ya leƙo ya ga abin da nake kallo, maganarsa ɗaya ce: "Malam, ai wannan shiri ne." Shiri ne mana. Masu abin ma sun faɗa da bakinsu. A 1989 wakilan kamfanin WWF, wanda ya koma WWE a 2002, suka shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey a Amurka cewa abin da suke yi nishaɗi ne ba gasa ba, don su kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni da kuɗin da take karɓa. An san wanda zai yi nasara tun kafin a buga ƙararrawa. Saboda haka mai sharhi ba shi da aiki a kan wa ya fi wa ƙarfi. Aikinsa shi ne ya duba yadda mutum biyu suka haɗa kai suka ja dubban mutane har suka tashi tsaye suna ihu a kan abin da aka riga aka yanke.

Daren da ya fi koya mini wannan shi ne WrestleMania III, babban wasan shekara na WWF, ranar 29 ga Maris 1987, a filin Pontiac Silverdome da ke jihar Michigan. Kamfanin ya ce mutum 93,173 suka shiga, adadin da har yau ake gardama a kansa. Wasa biyu ake tunawa a wannan dare, kuma ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Na farko shi ne Randy Savage da Ricky Steamboat, minti goma sha huɗu da 'yan kai. In ka kalle shi shi kaɗai, za ka ga mutum biyu masu zafin nama suna ta danne juna, alƙali na ƙirga biyu suna zamewa, babu hutu. Kyakkyawa ne ko a haka. Amma sai na koma baya zuwa ƙarshen 1986, inda Savage ya ɗauki ƙararrawar fili ya hau saman igiya ya diro da ita a maƙogwaron Steamboat, aka yi makonni ana nuna Steamboat wai yana koyon magana a wurin likita. Da na dawo wasan da wannan a kaina, sai kowane motsi ya sami dalili. Duk sanda Savage ya kai hannu wuyan Steamboat, jama'a sai su yi wani irin gurnani. Da ya sake ɗauko ƙararrawar nan ya hau igiya kusa da ƙarshe, filin ya rikice, sai George Steele, ɗan resilin da ke goyon bayan Steamboat, ya turo shi ƙasa, bayan ɗan lokaci Steamboat ya naɗe shi ya karɓe kambun. An san Savage da tsara wasansa daki-daki kafin a fito, kuma ana ganin haka a nan, domin babu daƙiƙar da aka bari ta tafi a banza. Tun daga nan ba na rubuta komai a kan wasa sai na nemo abin da aka nuna kafinsa, ko da hirar minti biyu ce. Hirarrakin nan da suke yi suna zare ido suna cika baki, matsayinsu ɗaya da kirarin da ɗan kokawa ke yi a gaban makaɗa kafin a kama, shi ke sa ka zaɓi ɓangare.

Na biyu shi ne Hulk Hogan da André the Giant, kuma a nan ne abokaina suka fi yi mini ca. In ana maganar gwaninta, wasan ba shi da wani abin a zo a gani. André, mutumin Faransa da ciwon girman jiki ya riga ya ci masa baya, da ƙyar yake tafiya, kuma wani dogon yanki na wasan rungumar Hogan kawai ya yi yana matsewa. Ga shi kuma an cika shi da zuƙi-ta-malle: an ce shekara goma sha biyar ba a taɓa cin André ba, an nuna kamar ba mai iya ɗaga shi, alhali Hogan ɗin nan da kansa ya ɗaga shi a 1980. Duk da haka na sa shi cikin manyan wasanni, saboda abin da aka zo yi an yi shi. Minti goma sha biyu ana tara wa mutane buri ɗaya, su ga an ɗaga ƙaton nan an maka da ƙasa, kuma da aka yi, ihun da ya tashi har makirufo ya kasa ɗauka.

Wannan ɗagawar ce na nuna wa kawuna, wanda ya yi kokawar gargajiya da ƙuruciyarsa a ƙauyukan wajen Illela, kuma har yau in ana kokawar takobi a Nijar ba ya barin rediyo. Ya karɓi wayar ya ce in maido baya. Na maido. Ya ce in sake. Sannan ya ce, "Ɗana, duba hannun ƙaton ga. Ga cinyar yaron ya aza shi. Shi ka ɗaukar kainai. Ba a ɗaga mutum irin wanga in bai so ba." Na ce, "Kawu, to ai shi ne ƙaryar da ake faɗi." Ya ce shi bai ce ƙarya ba, cewa ya yi wanda aka kayar ya iya aikinsa.

Maganar nan ta sauya mini inda nake ajiye ido. A kokawarmu wanda ya faɗi ya gama, ba mai sake kallonsa. A resilin kuwa rabin aikin ko fiye yana hannun wanda ake duka: yadda yake taimakawa a ɗaga shi, yadda yake faɗuwa da faɗin baya ya buga hannuwa don ƙara ta fito kuma nauyi ya rarrabu, yadda yake riƙe ƙafar da aka murɗe yana ɗingishi har ƙarshen wasa ba ya mantawa. Wanda aka yi minti biyar ana taka masa gwiwa, sannan ya tashi ya ruga da gudu kamar ba a yi ba, nan take nake rage masa maki, komai yawan tsallensa.

Don in ga waɗannan abubuwan sai na koma kallon kowane wasa sau biyu. Na farko da sauti, kamar kowa. Na biyu in kashe sautin gaba ɗaya, saboda masu sharhi irin su Gorilla Monsoon da Jesse Ventura gwanaye ne wajen rufe ɓaraka, suna iya sa ka ga wuta inda babu ko hayaƙi. Idan babu murya sai ka fara lura da alƙali, yadda yake sunkuyawa kamar yana tambayar mutum ko ya sallama, alhali saƙo yake kaiwa cewa lokaci ya kusa. Sai ka ga lokacin da aka shaƙe wuya aka zauna, leɓuna na motsi, ana shawarar abin da za a yi gaba. Ina rubuta minti da abin da ya faru a littafi. Bayan sallar isha'i nake wannan aiki, domin da rana a bazarar Sakkwato waya kan yi zafi ta ɗauke tun ba a je ko'ina ba.

Wasan da ya fi kowanne tsayawa a wannan gwaji na kashe sauti, a wurina, shi ne Bret Hart da Steve Austin a WrestleMania 13, cikin Maris 1997, kusa da Chicago. Sharaɗin shi ne sai ɗaya ya ce ya sallama. Bret ya shigo a matsayin akta, Austin a matsayin bos. Bret ya yi ta aiki a kan ƙafar Austin, daga ƙarshe ya ɗaure shi da makamarsa da ake kira Sharpshooter, jini na zuba daga goshin Austin yana bi ta haƙoransa, ya yunƙura ya kusa ɓallewa, ya kasa, amma ya ƙi sallamawa har ya suma. Ken Shamrock da ya yi alƙalanci ya tsayar da wasa. Bret ya ci, ya ci gaba da dukan mutumin da ba ya motsi, jama'a suka juya masa baya suka koma kiran sunan Austin. Cikin minti ashirin da 'yan kai akta ya zama bos, bos ya zama akta, kuma ko kurma ne ya kalla zai gane. Jinin na gaske ne, da guntun reza ake tsaga goshi a ɓoye.

Shi ya sa ba na yarda da masu cewa tunda shiri ne babu wahala. Amma kuma wahala kaɗai ba ta sa wasa ya yi kyau. Undertaker da Mankind a cikin keji, Yuni 1998 a Pittsburgh, kowa na sonsa saboda an jefo Mankind, wato Mick Foley, daga saman kejin ya faɗa kan teburin masu sharhi, sannan rufin ya ɓalle da shi ya sake faɗowa, har haƙorinsa ya maƙale a hanci. Na rubuta cewa faɗuwa biyu ce da ƙarfin hali, ba wasa ba, kuma ba na sake kallonsa. Shekara guda bayan haka Owen Hart, ƙanin Bret, ya faɗo daga rufin fili a Kansas City ya mutu, ana ƙoƙarin saukar da shi da igiya don burgewa. Turawa masu sharhi, irin su Dave Meltzer, taurari suke ba wasa a matsayin maki. Ni ma'aunina shi ne ko zan ƙona data in sake kallo.

Akwai kuma abin da yaro ba ya gani amma babba ba zai iya kau da kai ba. Kamala, da ake fito da shi da fenti a ciki da abin rufe fuska wai ƙaton daji daga Uganda, James Harris ne sunansa, ɗan jihar Mississippi. Iron Sheik, ɗan Iran na gaske kuma ƙwararren ɗan kokawa, an yi amfani da shi ne don a tsane shi, ya riƙe kambu ƙasa da wata guda Hogan ya karɓe a Janairu 1984. A 1990, gab da yaƙin Gulf, aka mai da Sgt. Slaughter mai goyon bayan Iraƙi. Mu nan muna gidan kallo muna tafa wa akta, ba mu san da irinmu ake yin bos ba. Ina faɗin wannan a sharhi, sannan in yaba aikin mutumin in ya cancanta, domin Harris ya iya abin da aka sa shi.

Kwanan nan na koma kallon resilin na Ingila, wanda tashar ITV ta riƙa nunawa ranar Asabar a shirin World of Sport, Kent Walton na sharhi da muryarsa a kwance. Su turmi-turmi suke yi kamar dambe, wanda ya fara cin biyu ya yi nasara, alƙali na ba da gargaɗi a fili, na uku a kore ka. Big Daddy da Giant Haystacks su ne suka yi suna, amma karawarsu ta Wembley a 1981 ba ta kai minti uku ba, turereniya ce ta masu tumbi. Johnny Saint ne abin kallo, siririn mutum da za a murɗe masa hannu ya bi ta ƙarƙashin ƙafa ya zame ya fito ta baya. Shi kaɗai ne Kawu ya kalla har ƙarshe bai ce a maido baya ba, kuma ya ce in tura masa sauran a wayarsa.