Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Suɓutar Baki A Estcourt

A makon jiya na tsaya a inda abokin karatuna ya gayyace ni hutu ƙauyensu da ke kusa da Estcourt, a gindin duwatsun Drakensberg na Afirka ta Kudu. Mun isa da la'asar sakaliya, muka tarar da mahaifinsa a bakin garke, sanda gicciye bisa cinyarsa. Bayan mun gaisa, don in nuna ni ma na san gari, sai na ce al'adunsu na Zulu suna burge ni. Dattijon ya dire kofin shayinsa a ƙasa, ya daɗe yana kallona, sannan ya yi magana, ɗansa yana fassarawa: "Ɗana, mu Hlubi ne, muna da sarkinmu tun ba a haifi Shaka, sarkin Zulu, ba." Na ce, "Baba, a gafarce ni," amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin ban tashi daga wurin ba sai da duhu ya shiga.

Ya faro jerin sarakunansu daga Bhungane, ya gangaro kan Mthimkhulu, har ya iso ga Langalibalele, wanda sunansa ke nufin rana ta ƙwalle, alhali kuwa da roƙon ruwan sama ya yi suna. Shi ne ya tsallako da jama'arsa cikin Natal a 1848 don guje wa Mpande, sarkin Zulu. A 1873 samarinsu suka dawo daga haƙar lu'ulu'u a Kimberley ɗauke da bindigogin da suka samo da guminsu, Turawa suka ce sai an kawo an yi musu rajista, sarki kuwa bai kai ba. Daga nan aka tura sojoji, aka kwashe shanu, aka tarwatsa jama'a, shi kuma ya tsere ƙasar Basotho, inda Molapo, wani basaraken Basotho, ya miƙa shi ga Turawa. An yi masa shari'a a Pietermaritzburg a 1874, aka kai shi kurkukun tsibirin Robben, bai sake taka Natal ba sai 1887, ya rasu a 1889.

Ina sauraro ina tuna Sarkin Kano Alu, wanda Turawan suka kama a 1903 har ya ƙare rayuwarsa a Lokoja, sai dai mu an bar mana gadon sarauta, su kuwa har shi aka ɗauke. Abin da ya fi yi wa dattijon ciwo shi ne hukuncin kwamitin Nhlapo mai duba rigingimun sarauta, wanda a 2010 ya ƙi ɗaga sarautarsu zuwa matsayin sarki mai cikakken iko, a ƙarƙashin gwamnatin baƙar fata. A ganina yana da gaskiya, domin wanda aka rushe wa gida ba a tambayarsa ina rufinsa.

Da zai tashi, ya nuna wajen dutsen Giant's Castle da sandarsa, inda aka binne Langalibalele, ya ce wa ɗansa ya tashe ni da asuba, can za mu.