Ranar da na ce wa ɗan dambe shi ɓangaren B ne

Fastar damben da na taɓa shiryawa tana nan har yau. Da ita nake rufe janareta idan hadari ya haɗo, don haka duk damina sai na ga sunayen nan biyu, ɗaya a sama da manyan baƙaƙe, ɗaya a ƙasa ɗan firit, in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

Gidan kallo gare ni a Jekadafari, nan cikin Gombe. Ƙwallo ce ke ciyar da ni, amma damben Turawa shi ne ciwona. Ni ne mai tada janareta ƙarfe huɗu na dare don mutum goma sha biyu su kalli faɗan da ake yi a Amurka, kuɗin mai ma ba ya fita. A nan na kwaso maganar da ta kai ni ta baro.

Da can musunmu ɗaya ne: wa zai kashe wa. Maganar ɓangaren A da ɓangaren B, wadda yara ke cewa esayid da bisayid, ta masu shirya wasa ce, ba ta 'yan kallo ba. Mu da muka taso da kaset ba mu sha wuyar gane ta ba: gefen A ake fara sawa. Ɓangaren A shi ne wanda ake biyan kuɗi don a gan shi, don haka shi ke ɗaukar kaso mai tsoka, sunansa ke zuwa farko, shi ke fitowa fili a ƙarshe. Mayweather, ɗan damben Amurka, shi ne ya cika mana kunne da ita. A 2007 da ya kara da De La Hoya shi ne a ƙasa, De La Hoya ya kwashi kusan ninkin abin da ya samu, duk da Mayweather ne ya ci. Daga nan bai sake yarda ya zauna a ƙasan kowa ba. Da za su haɗu da Pacquiao a 2015, kashi 60 ya ɗauka, ya bar masa 40.

Amma a gidan kallona Anthony Joshua, ɗan damben Birtaniya, shi ne ya kawo ta, saboda ɗan gida ne, asalinsa Shagamu. Shekarar 2018 gaba ɗaya a cinikinsa da Wilder muka ƙare ta. Mutanen Wilder suka ce ga dala miliyan 50, aka yi ta ja-in-ja a Twitter da YouTube, har shekara ta fita ba wanda ya naushi wani. Babban ɗan dambe sau biyu yake faɗa a shekara, in ya yi ƙoƙari. Sauran watanni goman me za mu tattauna in ba rabon kuɗi ba? Sai ka ga yaron da nake bi bashin kuɗin kallo yana rantsuwa da Allah kada Joshua ya karɓi ƙasa da kashi 60. Ni kuwa na zama malaminsu. Da musu ya yi zafi sai a ce a tambayi Oga.

Wannan Ogan ne ya hau mini kai.

Bayan wata babbar sallah ni da wani abokina muka haɗa kuɗi za mu shirya dambe na yini ɗaya, namu na gargajiya. Fili, kujeru, izini, duk ba su ba mu wahala ba. Babban wasa shi ne tsakanin wani baƙo da muka gayyato daga Kano, wanda bidiyonsa ke yawo a wayoyi, da wani yaro mahauci ɗan garin nan, bahago, wanda ko shafin Facebook ba shi da shi. Na zauna na rubuta takarda kamar wani ɗan Landan: baƙo kashi 70, ɗan gida 30. Baƙo ne zai fito a ƙarshe. Har da sharaɗin ramuwa na saka, wai in an kashe baƙo dole a sake ba shi dama, in ɗan gida aka kashe shi ke nan. Wannan daga wajen Joshua na kwafo, don mun ga yadda Ruiz ya tumurmusa shi a watan Yunin 2019, takarda ta dawo masa da damarsa a Disamba a Saudiyya. A dambenmu da mutum zai tare ka gobe da yamma ya ce a sake, ni ina rubuta sharaɗi. Kuma na buga fasta kafin in je wajen mutanen yaron. Ku riƙe wannan.

Na sami uban gidansa a kasuwa da hantsi, wani dattijo, yana zaune a bakin teburin nama, yaransa wajen takwas suna fawa a gefe, shi ma bahagon yana cikinsu yana wasa wuƙa. Maimakon in ja dattijon gefe, sai na baje takarda a kan benci.

Na ce, "Baba, tsarin duniya ke nan yanzu. Wanda ya fi suna shi ne ɓangaren A. Yaronku ɓangaren B ne, kashi talatin zai ɗauka."

Ya ce, "Ɗana, mene ne B?"

Na ce, "Na biyu ke nan, Baba. Wanda ba dominsa aka zo ba."

Wallahi haka na faɗa. Ƙarar wuƙar nan ta tsaya. Dattijo ya dubi fastar da ke hannuna, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "To, Allah ya kai mu." Na tashi ina murna, har na bugo wa abokina waya na ce ko ja ba su yi ba.

Ranar wasa da safe aka aiko yaro wai hannun bahago ya kumbura. Da la'asar na tsaya a ƙofa ina jiran jama'a. Mahauta ko ɗaya. Masu kalangu da muka yi magana da su, waɗanda tun kaka da kakanni tare suke da mahauta, su ma shiru. 'Yan acaɓan da ke biyo yaron duk inda zai sa zare ba su leƙo ba. Waɗanda suka zo ba su cika layin kujeru uku ba, rabinsu kuma yaran gidan kallona ne da ke ganin ai Oga ba zai karɓi kuɗinsu ba. Muka samo wani ya tsaya wa baƙo, turmin farko bai ƙare ba ya kai ƙasa. Baƙo ya riga ya karɓi kafin alƙalami, ya miƙo hannu a cika masa, kuma da gaskiyarsa. Babbar talabijin ɗin da nake nuna wasannin Ingila da ita na sayar na biya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne na san amsar tun kafin in yi kuskuren. Sau nawa na ba yara labarin Cotto da Martinez na 2014? Martinez ne mai kambu, amma Cotto ya ce sunansa ne zai zo farko kuma shi zai fito a ƙarshe, aka ba shi, saboda a New York za a yi, kuma mutanensa 'yan Puerto Rico ne ke cika zauren. Wanda ke jawo masu biya a ƙofa, a garin da za a yi wasan, shi ne A. Ni na ƙirga masu kallon baƙo a waya, mutanen da ke Kano da Legas da Jidda, waɗanda ko sisi ba za su ajiye a ƙofata ba. A Gombe bahagon nan shi ne Cotto, na je har gaban teburinsa na ce masa ba dominsa aka zo ba.

Duk mai son shirya irin wannan, kafin ka rubuta kashi ko ɗaya je ka tambayi mai yankan tikiti da makaɗa da 'yan acaɓa wa suke bi. Kada ka buga fasta sai ka ga manya. Kuma kalmar nan ka bar ta a gidan kallo. Daga baya wani na kusa da su ya gaya mini kuɗin bai dame su ba, don liƙin da ake yi wa yaron a fili ya kan fi abin da na rubuta. Da na je da goro da daddare na ce Baba a taimaka mini baƙo ya yi tsada, da ƙasa da talatin ma sun karɓa. A gaban yaransa na faɗa, shi ne kawai.

Daren da Usyk ya doke Fury a Riyad, a watan Mayun 2024, yara suka juyo suna jiran fashin baƙi, don sun tuna a cinikin 2023 Usyk ya yarda da kashi 30 ya bar wa Fury 70. Na ce mai ya kusa ƙarewa, kowa ya tafi gida.

Na je na ba dattijo haƙuri, ya ce ba komai, ya wuce. Har yanzu a teburinsu nake sayen nama. Bahagon ne ke yanka mini, kuma duk ranar da ya gan ni sai ya ɗaga wuƙa ya ce, "Oga, yau ma saba'in da talatin ne? Saba'in ƙashi, talatin tsoka." Yaran su kwashe da dariya, ni ma in yi, in karɓi ledata.