Murya, jita da ɗaki shiru: abin da ke riƙe mai sauraro a albam ɗin folk rock

Duk wanda ya taɓa sauraren Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ko Koo Nimo na ƙasar Asante da jitarsa, ya riga ya san rabin sirrin kiɗan da Turawa ke kira folk rock. Sau da yawa mutum ɗaya ne ya rubuta waƙar, shi ya rera, shi ya kaɗa. Ɗaya rabin kuma ganguna ne da jita mai lantarki, waɗanda suka shigo salon a tsakiyar shekarun 1960, musamman bayan Bob Dylan ya hau dandalin Newport a Amurka da makaɗan lantarki a 1965.

Abin da ke sa irin wannan albam ya taɓa zuciya shi ne an bar muryar yadda take. Ana jin numfashin mawaƙin kafin ya ɗauki baiti, ana jin inda muryar ta karye, ana jin yatsa na goga tsirkiya. A ƙananan sutudiyo irin na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, waɗannan su ne abubuwan da akan so a fara gogewa da kwamfuta, domin kunnenmu ya saba da afirobit, inda komai yake a daidaice. A can gyaran yana da amfani. A nan kuwa, idan aka goge su an goge waƙar.

Ga mai son ɗaukar irin wannan sauti a ƙaramin ɗaki a zango, makirfo biyu sun isa. Na murya a ajiye shi kamar santimita 15 zuwa 20 daga baki, da ɗan raga a tsakani saboda iskar "f" da "b". Na jita kada a saita shi kan ramin da ke tsakiyar jikinta, nan ne sauti ke yin kauri har ya zama gunji. A nufe shi wajen da wuya ya haɗu da jiki. Mawaƙin ya rera yana kaɗawa lokaci guda. Idan aka raba su, hannun yakan bi agogo ne maimakon ya bi magana, sai waƙar ta yi sanyi. Sautin jita zai ɗan shiga makirfon murya, kuma ba laifi ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne matse sauti har raɗa da kuka su zo da ƙarfi ɗaya. Irin wannan waƙa takan fara da jita kaɗai, gangunan su jira har baiti na biyu ko amshi, sannan su faɗo. Wannan tazarar ce ke tayar da tsigar jiki, matsewa kuma ita take cinyewa.

Yanayinmu ma yana da nasa. Danshin damina a Kumasi yana sa tsirkiyoyin ƙarfe tsatsa da wuri, sauti ya dushe. A sauya duka shidan kwana ɗaya ko biyu kafin ɗauka, don su zauna. Da hunturu katako na bushewa, tsirkiya ta fara zizar da ba a so, saboda haka jita ta kwana cikin akwatinta. A kashe fanka da firiji, a jira bayan isha'i lokacin da ƙarar motocin haya na trotro ta ragu.

Shi kuma mai sauraro, lasifikar waya ba ta fitar da kaurin kiɗa, sai ya ji abin kamar ba ƙarfi. Ya sa abin kunne, ya bi waƙoƙin a jerinsu daga ta farko, kada ya bari waya ta cakuɗa masa. Mawaƙin yakan tsara su ne kamar hira: wata tana amsa wata, mafi nauyi kuma sau da yawa yakan ɓoye ta can kusa da ƙarshe, lokacin da kunne ya saba da muryarsa.