Kwamfutar da ta ƙi tashi, da abin da ke cikinta

Bayan sallar la'asar ta shigo shagonmu na gyaran kwamfuta, rungume da laftof ba ko jaka. Ɗaliba ce a shekarar ƙarshe, saura kwana tara ta miƙa kundin bincikenta.

"Sannunku da aiki. Don Allah ku duba min, tun daren jiya ta ƙi tashi."

Na kunna. Tambarin kamfani ya fito, 'yan ɗige-ɗigen nan suka yi ta zagaye, sai rubutun Preparing Automatic Repair, sai ta mutu ta sake tashi da kanta. A karo na uku allon ya koma shuɗi da lamba 0xc000000f. Hannuna ya riga ya kai kan filashin da muke ɗora sabuwar Windows da shi, maigidana ya ɗago daga teburinsa.

"Ajiye wannan tukuna. Malama, me kike da shi a ciki? Kina da kwafi a wani wuri?"

Babi biyar ne. Biyu kawai ta taɓa turawa malamin da ke duba aikin. Sauran ukun, da duk alƙaluman da ta tattaro daga ƙauyuka huɗu, suna cikin na'urar da ke gabana.

Maigida yana da dalilin tare ni. Watanni kafin nan wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya kawo tasa da irin wannan ciwon, ranar ni kaɗai ne a shago. Cikin minti arba'in na yi mata fomatin, wato na goge duk abin da ke cikinta, na ɗora sabuwar manhaja, ta tashi garau. Da ya dawo ya zauna ya buɗe, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Yaro, ina hotunan Makka?" Hotunan aikin hajjin da ya yi da mai ɗakinsa ne, ita kuwa ta rasu. Mun kwana biyu muna tono da PhotoRec, manhajar farfaɗo da fayilolin da aka goge, abin da muka samu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, domin sabuwar Windows ta riga ta kwanta a kan sauran. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri," ya biya kuɗin aiki ya tafi. Har yau idan na tuna shi sai jikina ya yi sanyi.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, kwamfutar da ta ƙi tashi yawanci ba ta rasa komai na mai ita ba. Tashinta kamar tashin mutanen gida ne lokacin sahur, wannan ya tashi wancan. 'Yar manhajar da ke manne a babban allon da ke cikin na'urar (motherboard), wato UEFI, ita ke fara farkawa. Sai ta leƙa wani ɗan ƙaramin sashe na faifan ajiya, wanda sau da yawa bai wuce megabait 100 ba, ta tashi Windows Boot Manager. Shi kuma ya karanta wani kundi mai suna BCD don ya san inda Windows take, ya kira winload, winload ya ɗauko ntoskrnl, wato zuciyar Windows, da direbobi, 'yan manhajojin da ke sarrafa sassan na'urar. Idan ɗaya ya makara, duk gidan ya makara, amma kayan ɗaki suna nan inda aka bar su. Windows kuwa ana iya sauke ta daga shafin Microsoft kowace rana, filashi mai gigabait 8 ya isa. Babi na huɗu na kundin wannan baiwar Allah babu inda za a sauke shi.

Saboda haka muka tashi na'urar da Ubuntu, wata manhajar tafiyar da kwamfuta dabam da Windows, daga filashi, ba tare da mun taɓa faifan ba, muka fara kwashe fayilolinta. Nan ne abu na biyu ya bayyana. Kwafin yana tafiya, sai ya tsaya cak na minti biyu, sai ya ci gaba. Maigida ya kara kunnensa a jikin laftof ɗin, ya ce in saurara. Akwai wani ɗan sauti, ƙyas, ƙyas, kamar ana taɓa farce a kan tebur. Muka cire faifan muka jona shi a kwamfutar shago, CrystalDiskInfo, mai auna lafiyar faifai, ya nuna rawaya, alamar gargaɗi, da tarin gurabun da faifan ya kasa karantawa.

Da ni kaɗai ne, chkdsk /r, umarnin duba faifai da gyara shi, zan sa masa, tunda shi kowa ke fara ambata. Wannan umarni yana bin faifai gurbi bayan gurbi, awa da awanni, kuma faifan da ke gargara yana iya mutuwa ana tsakiyar aikin. Maigida ya ce, "Mara lafiya ba a sa shi tsere." Fayil ba ya lalacewa haka kawai. Lalacewarsa alama ce, kamar zazzaɓi, sai ka nemi abin da ya kawo shi. Na tambaye ta yadda aka yi. Batirin ya daɗe da mutuwa, sai da caja take aiki. Windows tana tsakiyar sabunta kanta, har ta rubuta cewa kada a kashe, aka ɗauke wuta. Wannan shi ya kayar da ita, amma faifan dama yana da ciwonsa. Wasu lokutan kuma laifin RAM ne, wato ma'ajiyar wucin gadi ta na'urar, ka gyara yau gobe ta sake lalacewa, sai MemTest86, manhajar gwada RAM, ya tona asiri. Akwai masu danne maɓallin kunnawa duk lokacin da ta yi nauyi, akwai ƙurar hunturu da ke toshe fanka, akwai manhajojin sata da ake ɗorawa don gudun biyan lasisi, su shiga su canza fayilolin tsarin.

Mun fara da abin da ya fi muhimmanci: kundin, sai alƙaluman, sai hotuna. Babi na huɗu ya ƙi buɗewa. Muka samu wani kwafinsa na makon da ya wuce a cikin Downloads, shafi shida ne babu. Ta ce tana da su a rubuce a littafi. Daga nan muka bar ddrescue, manhajar ceto bayanai, ya kwana yana kwafe faifan gaba ɗaya zuwa sabon faifai na SSD, domin shi yana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sai daga baya ya koma kan masu wuya.

A kan sabon faifan aka yi gyaran, kuma a nan na koyi ƙananan abubuwan da ke ɓata wa mutum yini guda. A cikin allon gyara, Windows ba lallai ta zauna a sashen faifai mai harafin C kamar yadda ta saba ba. Ranar a D take, sai da diskpart, mai nuna sassan faifai, ya nuna mana. Idan ka rubuta sfc /scannow, umarnin gyara fayilolin Windows, shi kaɗai, ba za ka taɓa Windows ɗin da ke kwance ba, sai ka nuna masa hanya da /offbootdir da /offwindir. Ya gama, ya ce ya ga fayiloli da suka lalace amma ya kasa gyara wasu. Dalili kuwa, rumbun da yake ɗebo lafiyayyun kwafi, wato WinSxS, shi ma ya taɓu. Sai mun gyara rumbun da wani umarni mai suna DISM, muka ba shi filashi mai irin Windows ɗin da ke kan na'urar, sannan sfc ya yi aikinsa. Shi kuwa bootrec /fixboot da ake yawan ba da shawara, a na'urorin UEFI sau da yawa Access is denied yake cewa, wato an hana shi shiga. Da bcdboot muka sake gina BCD, layi ɗaya tak.

Ranar 19 ga Yuli, 2024, na ga irin wannan a faɗin duniya. Fayil guda mara kyau da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura ya kwantar da na'urori kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Maganin shi ne a shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da muhimman sassanta kawai, a goge fayil ɗin. Abin da ya wahalar da mutane da yawa shi ne BitLocker, makullin faifai na Windows, wanda ke neman mabuɗi mai lambobi 48 kafin ya bari a taɓa faifan. Mu ma yanzu muna cin karo da shi, domin sababbin na'urori masu Windows 11 suna kulle faifai da kansu, mabuɗin ya tafi asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. Sau da yawa wannan mutumin mai shagon da ya sayar ne, ba mai ita ba. Shi ya sa tambayata ta biyu ga duk wanda ya shigo ita ce, da imel ɗin wa aka buɗe ta?

Ba na cewa fomatin haramun ne. Akwai ranar da shi ne daidai, bayan an kwashe kaya an kuma tabbatar faifai lafiya yake. Na kuma san abin da ke tura yaran shago gare shi: aikin minti arba'in da na kwana biyu kusan kuɗi ɗaya ake biya, ga layi, ga man janareta. Amma mai kaya bai san bambancin ba, amana ya kawo. Ko ba za ka yi dogon aikin ba, haƙƙinsa ne ka faɗa masa abin da zai rasa kafin ka danna.

Ranar Alhamis ta dawo. Na kunna, cikin daƙiƙa goma sha biyar hoton 'yarta ya bayyana a allo, komai yana inda ta bar shi. Ta buɗe babi ɗaya bayan ɗaya tana hamdala a hankali. Maigida ya naɗe tsohon faifan a takarda ya miƙa mata, ya ce ta adana amma kada ta sake dogara da shi, ta kuma sayi batir kafin komai. Ta miƙe za ta tafi, ya nuna mata kujera.

"Zauna tukuna, Malama. Ga intanet ɗin shago, tura wa kanki duka biyar ɗin yanzu, ina kallo."

Ta koma ta zauna, ta tura, sai da muka ji wayarta ta yi ƙara a cikin jaka sannan ya rubuta mata rasit.