Girkin ranar Waliyyi Patrick: inda muka kwana a burodin soda, romon rago da zancen mashaya

'Yan'uwa masu koyon girkin ƙasashen waje, ga bayanin inda aikinmu ya kai a shirin teburin 17 ga Maris, ranar da mutanen Ailan ke bikin Waliyyi Patrick, waliyyin ƙasarsu. Burodi ya zauna, romo ya zauna, dakakken dankali da kabeji kuma saura ɗan gyara. Abin da ya fito fili shi ne kayan haɗin girkin Ailan ba su da yawa, babu yaji ko kayan ƙamshin da za su rufa wa mai girki asiri. Idan hannu ya yi nauyi a kan kwaɓi, ko wuta ta yi yawa a ƙarƙashin tukunya, a faranti za a gani.

Mu fara da burodin soda, don nan ne aka fi faɗuwa. Ma'auninsa: fulawa giram 450, gishiri cokalin shayi ɗaya, bekin soda cokalin shayi ɗaya a shafe, sai nono mai tsami mililita 350 zuwa 400. Babu yis, babu ƙwai, babu sukari. Wanda ake zuba wa sukari da busasshen inabi wani abu ne daban, ya fi yawa a wajen 'yan Ailan mazauna Amurka. Dalilin da ya sa burodin ya samu gindin zama a can shi ne alkamar ƙasar mai taushi ce, ba ta tashi sosai da yis, amma tana karɓar soda. Da sodar ta shigo gidaje a wajen shekarun 1830 zuwa 1840, kowace mace mai saniya da tukunyar ƙarfe ta samu hanyar yin burodi kullum.

Nonon da suke amfani da shi ruwan da ya rage ne bayan an kaɗe mai, wato tsala ke nan a wajenmu, kuma tsalar Fulani tana yin aikin sarai. Matsalarta ɗaya: idan an sirka ta da ruwa, tsaminta ba zai isa ya tada sodar ba. A gwada kafin a kwaɓa. A ɗebi cokali ɗaya na nonon, a barbaɗa masa ɗan soda. In ya yi kumfa nan take, ya yi. In ya yi shiru, a ƙara masa ruwan lemun tsami. Mai kindirmo ya sassauta shi, kashi uku na kindirmo da kashi ɗaya na ruwa, domin kaurinsa yana sa kwaɓi ya bushe. Wanda ba shi da ko ɗaya ya zuba ruwan lemun tsami babban cokali ɗaya da rabi a madara mililita 400, ya bar ta minti 10 ta tsinke.

Kada a ɗauki bekin foda a madadin bekin soda, ba abu ɗaya ba ne. Kanwa ma a ajiye ta. 'Yar'uwar soda ce a sinadari, amma ƙarfinta ba shi da ma'auni, wani dunƙulen ya fi wani, kuma tana bar wa burodi ɗaci da launin ɗorawa. Ita kanta sodar a tankaɗe ta tare da fulawa sau biyu, saboda ƙullutun da bai fashe ba shi ke fitowa a matsayin ɗigo mai ruwan ƙasa da ɗanɗanon sabulu. Cokalin kuma a shafe shi da wuƙa. Cokali mai tozo ya kusa ninki biyu.

Yanzu ga wurin da muke so kowa ya tsaya. Da zarar nono ya taɓa soda, iskar da za ta kumbura burodin ta fara fita, kuma ba za ta jira kowa ba. Saboda haka a kunna obin tun kafin a taɓa fulawa, a kai shi digiri 230. A yi rami a tsakiyar fulawar, a juye kusan duka nonon, a buɗe yatsun hannu ɗaya a riƙa zagayawa daga tsakiya zuwa gefe har ya haɗe. Wannan bai kamata ya wuce rabin minti ba. Kwaɓin zai yi laushi, ya ɗan manne a hannu, kuma haka ake so. Ba a murza shi. Wanda ya saba da kwaɓin fanke ko burodin yis hannunsa zai so ya ci gaba da bugu, to a nan bugun ne ke ɓata aiki: yana tada danƙon alkama, yana korar iska, a ƙarshe a ciro abu mai tauri da nauyi. Fulawar da ake sayarwa a kasuwanninmu yawanci ta masu gidan burodi ce, danƙonta ya fi na Ailan ƙarfi. Mun ga sauƙi da muka cire giram 50 daga cikinta muka maye da garin masara mai laushi irin na kaurara miya.

A juye kwaɓin a kan tebur mai barbaɗen fulawa, a tattara shi ya zama kewayayye, kaurinsa kamar santimita 4. A tsaga shi da wuƙa gicciye, tsaga mai zurfi har kusan rabi, daga baki zuwa baki. Masu addini a can suna cewa albarka ce ake sa wa burodin, amma tsagar tana da aiki na zahiri: ita ke ba zafi hanyar shiga tsakiya. In ta yi sama-sama, waje zai ƙone ciki yana ɗanye. Minti 15 a digiri 230, sannan a rage zuwa 200 na minti 25 zuwa 30. A juya shi a ƙwanƙwasa gindinsa. In ya yi amo kamar ganga ya gasu. Mai son ɓawo mai laushi ya naɗe shi a tsumma mai tsabta yana da zafi. Kada a yanka sai ya huce, in ba haka ba cikinsa zai dunƙule a jikin wuƙa.

Marasa obin su kwantar da hankali, asalin burodin ma ba a obin ake yinsa ba. A tukunyar ƙarfe mai murfi ake gasa shi a bakin murhu, a ɗora garwashi a kan murfin. Tukunyar dalma mai kauri tana yi a kan kurfoti. A ɗumama ta da murfinta tukuna, a barbaɗa fulawa a gindi, garwashin ƙasa ya zama kaɗan, na sama ya fi yawa. Yana ɗaukar kamar minti 40 zuwa 45, kuma a guji buɗe murfi a rabin sa'ar farko. Ƙunar gindi alama ce ta garwashin ƙasa ya yi yawa. Burodin nan ba ya kwana da daɗi. A ci shi ranar da man shanu.

Sai romon rago da dankali, wanda shi ne girkin da aka fi sanin ƙasar da shi. Naman wuya ko kafaɗa na rago ko tunkiya kilo ɗaya da ƙashinsa, dankalin Turawa kilo ɗaya, albasa manya uku, gishiri, masoro, ganyen tayim, ruwa kamar mililita 750. Karas akwai gardama a kansa, tsofaffin masu girki na cewa ba ya cikin na asali. Mu muna sa guda uku don zaƙinsa yana daidaita ƙarnin tunkiya. A tsohuwar hanya ba a soya naman. Jerawa ake yi: dankali yankakke siriri a ƙasa, albasa, nama, a sake, sannan manyan gutsattsarin dankali a sama. A rufe, a bar shi a ƙaramar wuta sa'a biyu, yana ɗan motsi kawai, ba tafasa mai tsalle ba. Wuta mai ƙarfi tana ƙanƙance naman ya yi igiya, kitsen kuma ya gauraye da ruwan ya yi duhu. A kwashe kitsen da ya taso da ludayi kafin a kai tebur.

Kaurin romon daga dankalin ƙasan yake zuwa, wanda ke narkewa, ba daga fulawa ba. A nan irin dankali ke da magana. 'Yan Ailan suna son mai gari, irin su Rooster da Kerr's Pink, wanda ke farfashewa in ya dahu. Dankalin da ke zuwa mana daga Filato, daga wajen Bokkos da Mangu, da yawansa irin Nicola ne, mai santsi, wanda ke riƙe jikinsa. Ana iya rarrabewa a gida: a narkar da gishiri kamar giram 120 a ruwa lita ɗaya, a jefa dankalin, mai gari ya fi nauyi, zai nutse, mai santsi zai taso. In mai santsi kaɗai aka samu, a goga guda biyu a abin goge kuɓewa a zuba tun farko, zai ba da kaurin.

Dakakken dankali da kabeji, wanda suke kira colcannon, asalinsa abincin ƙarshen Oktoba ne, amma yana hawa teburin Maris saboda korensa. Dankali kilo ɗaya, kabeji giram 250, ganyen albasa, madara mililita 150, man shanu giram 75. Abin da muke gyarawa har yanzu shi ne ruwa. A dafa dankalin da ɓawonsa, a tsiyaye, a mayar da shi kan wuta minti biyu ya fitar da tururi. A matse kabejin bayan an dafa shi minti 4. Madarar ta shiga da zafinta. Kada ya shiga injin markaɗe, zai koma danƙo. Game da naman sa mai gishiri da kabeji da ake yawan gani a hotuna, wannan al'adar baƙin Ailan ce a New York, inda naman sa ya fi musu araha. A can Ailan naman alade suke haɗawa da kabejin, don haka mun bar shi.

Zancen giya ba zai kauce ba, tunda rabin girke-girken bikin da za ku ci karo da su suna kiran baƙar giyar Guinness, wadda ake yi a masana'antar St James's Gate a Dublin, babban birnin Ailan, tun bayan da Arthur Guinness ya karɓi hayar wurin a 1759. Yawancinmu ba ma sha, kuma a sani cewa dahuwa ba ta kore barasa duka: bayan sa'a ɗaya a wuta kusan kashi ɗaya cikin huɗu yana nan, bayan sa'a biyu da rabi ma akwai saura kaɗan. Abin da giyar ke ba romon naman sa shi ne duhu da ɗan ɗacin gasasshen sha'ir. Ana samun kusa da haka da ruwan nama mililita 500, tumatirin gwangwani babban cokali ɗaya da aka soya har ya yi duhu, garin kofi rabin cokalin shayi, da albasar da aka soya a hankali ta yi ja. Lemun malt shi kaɗai ba ya yi, sukarinsa ya yi yawa, romon zai koma zaƙi. In za a sa, kada ya wuce rabin kofi. Ga 'yan'uwanmu da addininsu bai hana su ba, su lura cewa wadda ake yi a Najeriya, tun da aka kafa masana'antar Ikeja a 1962, ƙarfinta kashi 7.5 ne, ta famfon Dublin kuwa 4.2, kuma ta nan ta fi ɗaci. Rabin abin da girkin ya faɗa ya isa, kuma kada a bari ta ƙone a buɗe, ɗacin ƙaruwa yake.

Wanda tafiya ta kai shi Ailan a ranar zai ga mashaya ita ce zauren unguwa, ana cin abinci, ana kiɗa, kuma babu mai kallon wanda ya nemi shayi ko lemo. A kantar mashayar ake oda, a biya nan take. In ana cikin rukuni, kowa yana sayen zagaye ɗaya ga kowa, mai shan lemo ma yana ciki, kuma tashi kafin zagayenka ya zo abin kunya ne. Baƙar giyar ana zuba ta kashi biyu: a karkata kofi a cika kashi uku cikin huɗu, a ajiye kumfar iskar naitirojin ta kwanta, sannan a ƙarasa, kusan minti biyu duka, ɗaukar kofin a tsakani alamar baƙo ce. Idan makaɗan goge da sarewa suka zauna a lungu, ba a zama a kujerunsu, kuma in mutum ɗaya ya fara waƙa ba kiɗa, ɗakin yakan yi tsit. Unguwar Temple Bar da ke Dublin tana cika maƙil bayan fareti, ga tsada, mai son jin kiɗa ya nemi mashayar unguwa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ranar ta zama hutun gwamnati a 1903, amma daga 1927 har zuwa farkon shekarun 1960 doka ta rufe mashaya a ranar, coci da abincin gida ne kawai. Babban bikin Dublin na kwanaki sai a 1996 aka fara shi. Koriyar giya da rina kogin Shikago, wanda aka soma a 1962, duk na Amurka ne. Najeriya ma tana da hannu a ranar, domin Katolikan ƙasar sun riƙi Patrick a matsayin waliyyin ƙasa tun 1961, albarkacin limaman Ailan da suka yi aiki a nan.

Tsarin aiki a ranar: romo ya hau wuta da sassafe, ko ma a dafa shi tun daren jiya ban da manyan dankalin sama, don kitsen ya daskare a kwashe shi cikin sauƙi. Burodi ya shiga obin sa'a ɗaya da rabi kafin ci. Dankali da kabeji shi ne na ƙarshe, a yi rami a tsakiyarsa a sa man shanu yana da zafi. Abin da ke gabanmu shi ne baƙin burodin soda, garin alkama giram 300 da fulawa 150, wanda ke shan nono fiye da farin. Masu gwadawa su fara da mililita 425 su faɗa mana yadda garin alkamar Kano ya karɓa.